John Moses Browning: Maƙerin da ya tsara fistol, ya bar bahago da jan aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar wata ma'aikata a Abuja lokacin da ayarin motocin minista ke shigowa, ya ga dogarin da ke fara dirowa ya buɗe ƙofa, da 'yar bindiga cikin kube a ƙugunsa. Kusan koyaushe a ƙugun dama take. Ko ƙirar Ostiriya ce, ko ta Beljiyam, ko ta Amurka, siffarta ɗaya: marfin ƙarfe ne a samanta wanda ke zamewa baya idan an harba, ya tofar da kwanso, ya komo gaba ɗauke da sabon harsashi. Wannan marfi yana da uba, sunansa John Moses Browning, Ba'amurken maƙerin da ya rasu a 1926 ya bar takardun mallakar ƙirƙira 128 da sunansa.

Kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne. A ƙasar Hausa akan tanƙwara yaro ya ci abinci da dama, ya miƙa wa babba abu da dama, amma hannun da ya fi masa ƙarfi da saiti bai cika sauyawa ba. Idan irin wannan yaro ya girma ya sa kaki aka miƙa masa fistol, zai tarar cewa tarihin Browning ya shafe shi ta wata fuska dabam. Ga sauran jama'a labarin baiwa ne. Ga bahago kuwa har da labarin wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, wanda aka dasa a gefen da babban yatsansa ba ya kaiwa.

An haifi Browning ranar 23 ga Janairu, 1855, a garin Ogden da ke yankin Utah, a can yammacin Amurka. Mahaifinsa Jonathan maƙerin bindiga ne, mabiyin ɗarikar Mormon, wadda tsangwama ta kori mabiyanta daga jihar Illinois suka nausa yamma da keken shanu. Jonathan ya sauka Ogden a 1852. Matansa uku, 'ya'yansa 22, kuma John ɗan matar tsakiya ne. Karatun boko kaɗan yaron ya samu. Makarantarsa ta gaske ita ce maƙerar uban, inda ya fara aiki tun yana ɗan shekara bakwai. Da layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma ya haɗe a 1869, Ogden ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, matafiya suka riƙa kawo bindigogi iri-iri gyara. Ta haka ya san ciwon kowace ƙira: inda take karyewa, inda take cijewa, da inda maƙerinta ya sa ƙarfe biyar alhali biyu sun isa.

Shekarar 1879 ta zo masa da abubuwa uku. Ya auri Rachel Child a watan Afrilu, mahaifinsa ya rasu a watan Yuni, sannan a ranar 7 ga Oktoba ya karɓi takardar mallakar ƙirarsa ta farko, wata doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya. Shi da ƙannensa suka riƙa ƙera ta a ɗan shagonsu, 'yan ɗaruruwa kawai, har ɗaya ta faɗa hannun wani wakilin kamfanin Winchester. A 1883 manajan kamfanin, T. G. Bennett, ya hau jirgin ƙasa tun daga gabar gabas har Ogden, ya sayi ƙirar a kan dala 8,000. Daga nan aka ƙulla hulɗar kusan shekara 19. Winchester ya sayi ƙirarsa fiye da 40, ya ƙera kaɗan daga ciki, sauran ya kulle su don kada su je hannun abokan gasa. Cikin waɗanda aka ƙera akwai samfurin 1886 da na 1892 da na 1894, wanda aka sayar da miliyoyinsa ga mafarauta. A tsakiyar wannan kasuwa, a 1887, ya ajiye kayan aiki ya tafi jihar Georgia wa'azin ɗarikarsu na shekara biyu, kamar yadda ake buƙatar mazajensu su yi.

Bayan dawowarsa ne, a 1889, abin da ya sauya alƙiblar aikinsa ya faru. Yana wurin gasar harbi sai ya lura da yadda ciyawa ke kwanciya a gaban bakin bindiga duk lokacin da aka harba. Kowa ya sha ganin haka. Shi ne ya ga ƙarfi ne ke tafiya a banza, wanda za a iya tarewa a sa shi ya fitar da kwanso ya ɗura sabon harsashi. Wannan tunani ya haifi bindiga mai jigida da kamfanin Colt ya fitar a 1895, kuma shi ne ya kai shi ga tambayar da ta ci sauran rayuwarsa: yaya za a yi bindiga ta yi wa kanta aikin da hannu ke yi mata?

A wancan zamani ƙaramar bindigar da aka sani ita ce libarba, mai ganga da ke juyawa da harsashi biyar ko shida. Jamusawa sun fara gwada masu ɗura wa kansu harsashi, amma nasu manya ne, masu wuyar sha'ani. Browning ya zo da dabarar lulluɓe bututun da marfi guda mai zamewa, wanda nauyinsa da sifirin da ke ƙarƙashinsa ke shanye tunkuɗar harbi. A 1897 ya haɗu da Hart Berg, wakilin kamfanin FN na garin Herstal da ke kusa da Liège a Beljiyam. An kafa FN a 1889 don ya ƙera wa sojan ƙasar bindigogi 150,000, da kwangilar ta ƙare aiki ya yi ƙaranci har ya koma ƙera kekuna. Berg ya koma gida da samfurin wata 'yar fistol mai harsashin milimita 7.65. Ita ce ta zama FN 1900, wadda aka ƙera fiye da 700,000, har sunan Browning ya zama kalmar da masu jin Faransanci ke kiran kowace fistol da ita. An raba kasuwa, Colt ya riƙe Amurka, FN ya riƙe nahiyar Turai.

Rabuwarsa da Winchester a kan kuɗi ce. Ya ƙirƙiro bindigar harbin tsuntsaye mai ɗura wa kanta harsashi, ya ce wannan karon ba zai sayar da ita kacokan ba, kaso yake so a kan kowace ɗaya da aka sayar. Bennett ya ƙi. A watan Janairun 1902 ya nufi kamfanin Remington, yana zaune yana jiran ganin shugabansa, Marcellus Hartley, aka fito aka ce zuciyar mutumin ta buga ya rasu. Sai ya ɗauki bindigarsa ya hau jirgin ruwa zuwa Beljiyam, inda FN ya karɓe ta hannu bibbiyu. Auto-5 ke nan, wadda aka yi ta ƙerawa har ƙarshen ƙarnin.

Ƙanƙantar fistol ɗinsa ta zo da nata sharrin, kuma masu tsaron manya ne suka fara ɗanɗanawa. Abin da ke shiga aljihun kwat ba a ganin zuwansa. Da FN 1900 Eugen Schauman ya harbe Nikolai Bobrikov, gwamnan da Rasha ta naɗa wa Finland, a Helsinki a 1904. Da irinta ɗan kishin Koriya An Jung-geun ya kashe tsohon firaministan Japan, Ito Hirobumi, a tashar jirgin ƙasa ta Harbin a 1909. A farkon 1914 FN ya yi bikin cikar fistol miliyan ɗaya, Sarki Albert na Beljiyam ya ba Browning lambar girma. Wata biyar bayan haka, ranar 28 ga Yuni, Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie a Sarajevo da FN 1910. Kafin watan Agusta ya ƙare sojan Jamus sun ci Liège, masana'antar da ta ƙera bindigar ta koma hannunsu.

Fistol ɗin da ta fi ɗaukaka sunansa kuwa daga wani yaƙin mulkin mallaka ta samo asali. A kudancin Filifin, Musulmin Moro sun yi wa mamayar Amurka turjiya mai tsanani, sojoji suka riƙa kai ƙorafi cewa harsashin libarbarsu ba ya tsayar da mayaƙin da ya taho da takobi. A 1904 hafsoshi biyu, Thompson da LaGarde, suka yi gwaje-gwaje a kan shanu a mayankar Chicago da kuma gawarwaki, suka ba da shawarar harsashi mai kaurin milimita 11.43. Browning ya tsara harsashin, ya tsara bindigar da za ta ci shi. Domin ta jure ƙarfinsa, ya sa bututu da marfi su kulle da juna a lokacin harbi, su ja baya tare na ɗan taƙi, sannan gindin bututun ya sunkuya ƙasa ya saki marfin ya wuce shi kaɗai. Galibin fistol ɗin soja da 'yan sanda na yau, har da Glock, a kan wannan dabara suke tafiya. A gwajin ƙarshe na watan Maris 1911 bindigarsa ta harba harsashi 6,000 ba ta cije ko sau ɗaya ba, ta kamfanin Savage da ke gasa da ita ta samu matsala sau 37. Ranar 29 ga Maris sojan Amurka suka karɓe ta da sunan M1911, kuma ba su sauya ta ba sai a 1985.

A nan ne maganar bahago ta shigo. M1911 tana da sakata biyu masu hana ta tashi ba da niyya ba, kuma buƙatun soja ne suka kawo su, musamman sojan doki, waɗanda ke tsoron bindiga ɗane a hannun mutumin da dokinsa ya yi tutsu. Ta farko a bayan mariƙi take, tafin hannu ne ke danne ta da zarar an riƙe bindigar. Wannan ba ruwanta da dama ko hagu. Ta biyu ita ce ta babban yatsa, wadda aka ƙara a 1910, kuma a gefen hagu na bindigar aka dasa ta, daidai inda babban yatsan hannun dama ke kwanciya. A wannan gefen dai aka sa maɓallin da ke sakin gidan harsashi, da ɗan ƙarfen da ke riƙe marfi a baya idan harsashi ya ƙare. Kwanso kuma ta dama yake fita, nesa da fuskar mai harbi da dama. Kuben da soja suka raba ma na ƙugun dama ne.

Ba duka waɗannan ne ke damun bahago daidai wa daida ba. Maɓallin gidan harsashi yakan danna shi da manuniya, wasu ma suna ganin hakan ya fi sauri. Ƙarfen riƙe marfi ana iya kauce masa, a kama marfin da ɗaya hannun a ja baya a saki. Kwanso mai zafi yakan gilma ta gaban fuska jefi-jefi, amma da yake ana miƙe hannu ne wajen harba fistol, abin bai kai na doguwar bindiga muni ba. Sakatar babban yatsa ita ce ƙashin bayan matsalar. Amfanin M1911 shi ne a ɗauke ta da harsashi a ɗure, guduma a ɗane, sakata a rufe, ta yadda yatsa zai sauke sakatar yayin da hannu ke ɗagowa. Bahago ba shi da yatsa a wannan gefen. Ko dai ya sassauta riƙo ya kewayo da babban yatsansa ta bayan guduma, ko ya kawo ɗaya hannun, ko ya haƙura ya riƙa yawo da ita ba harsashi a ɗure, sai buƙata ta taso ya ja marfi. Kowanne cikin ukun yana cin lokaci, kuma biyu daga ciki suna bukatar hannu na biyu, wanda a wurin dogari wataƙila yana kan ƙofar mota ko kafaɗar maigidansa. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Idan aka rataya bindigar a ƙugun hagu, gefen da ke da sakata da maɓalli shi ke kallon waje, inda kujera ko ƙofa za ta iya goge sakatar ta buɗe, ko ta danne maɓallin gidan harsashi ya saki ba a sani ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa soja laifin duka. Ƙananan fistol ɗin da Browning ya tsara tun kafin M1911, irin su FN 1900 da Colt 1903, su ma a gefen hagu sakatarsu take. Ɗan zamaninsa ne, zamanin da malamin makaranta a Turai da Amurka ke dukan hannun yaron da ya ɗauki alƙalami da hagu, soja kuma ke horar da kowa a kan hannu ɗaya. Abin lura shi ne, duk inda ya bar injin da kansa ya nuna masa hanya, sakamakon yakan yi wa hannu biyun adalci. Makamin gidan harsashi na FN 1910 a ƙasan mariƙi yake, tsakiya, kowane hannu na kai masa. 'Yar doguwar bindigarsa mai ƙaramin harsashi da FN ya fara ƙerawa a 1914 ta ƙasa take zubar da kwanso. Haka ma bindigar farautar da Remington ya fitar a 1921, wadda daga baya ta zama Ithaca 37, abin son mafarauta bahagwai har gobe.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, shekarunsa 62, ya kawo wa gwamnati bindigogi biyu da ya riga ya tanada. Mai jigidar da ruwa ke sanyaya ta ta harba harsashi 20,000 a gwaji ba tangarɗa, ya sake ɗura mata wasu 20,000. Ɗayar ita ce BAR, wadda soja guda ke iya ɗauka yana tafe yana harbi, kuma ɗansa Val, hafsa a rundunar da ta je Faransa, yana cikin waɗanda suka fara koyar da ita da harba ta a fagen daga. Ya amince da ladan da bai kai kusa da kason da aka saba biyan mai ƙirƙira ba. Kafin yaƙin ya ƙare ya soma aikin babbar mai jigida mai harsashin milimita 12.7, wadda ta zama M2, kuma har yanzu ana girka ta a kan motocin yaƙi a ƙasashe da dama.

Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda bai damu da zanen injiniyoyi ba. A ka yake riƙe ƙira, ya yanka siffar sassanta a takarda ko gwangwani, ƙaninsa Ed ya fitar da su a ƙarfe. Ya koyi Faransanci da girmansa don ya riƙa magana da ma'aikatan Herstal ba tafinta. Ranar 26 ga Nuwamba, 1926, yana masana'antar FN a kan aiki ciwon ƙirji ya kama shi, aka kwantar da shi a ofishin ɗansa Val, a nan zuciyarsa ta tsaya. Shekarunsa 71. Aka ɗauko gawarsa ta teku aka binne shi a Ogden.

Ya bar fistol guda ba a gama ba. Sojan Faransa ne suka nemi mai ɗaukar harsashi da yawa, ya shigar da takardar neman mallakar ƙirar a 1923, ba ta fito ba sai bayan rasuwarsa. Mataimakinsa ɗan Beljiyam, Dieudonné Saive, wanda ya tsara gidan harsashi mai jeri biyu, shi ya ƙarasa aikin. A 1935 ta fito da sunan Hi-Power, tana cin harsashi 13 na milimita 9, kusan ninkin na M1911 mai bakwai. Faransa ba ta saya ba, amma rundunonin ƙasashe fiye da 50 sun saya. A Yaƙin Duniya na Biyu ɓangarorin biyu duk sun riƙe ta, Jamusawa na ƙera ta a Herstal da suka sake mamayewa, kamfanin Inglis na ƙera ta a Toronto ta Kanada. Ta zama fistol ɗin sojan Birtaniya da na ƙasashe da yawa da ta yi wa mulkin mallaka. Najeriya na cikinsu, har masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ta ƙera irinta, kamar yadda ta ƙera doguwar bindigar FAL, wadda ita ma aikin Saive ce. Sakatar Hi-Power ta asali ƙarama ce, mai tauri, kuma a gefen hagu kaɗai.

Gyaran ya zo a hankali, kuma daga ƙananan maƙera ya faro. A shekarun 1960 wani maƙeri a California, Armand Swenson, ya riƙa ƙera wa M1911 sakata mai fuka-fuki biyu, na dama da na hagu, haɗe da juna ta cikin jikin bindigar. Mahaɗar takan yi sako-sako da yawan aiki, shi ya sa bahagon da ya dogara da ita ke yawan duba ta. A 1984 wani ƙaramin kamfani, Randall, ya juya M1911 gaba ɗayanta kamar a madubi, har kwanso na fita ta hagu, amma bai daɗe ba ya rufe. Beretta da sojan Amurka suka ɗauka a 1985 ta zo da sakata a gefe biyu da maɓallin da ake iya cirewa a mayar ɗaya gefen. Glock ya bi wata hanyar, ya kawar da sakatar babban yatsa ɗungurungum, sai dai shi ma bai sa maɓalli mai juyawa ba sai a 2010, ƙarfen riƙe marfi na gefe biyu kuma sai a 2017. Wuraren da bahago ke dubawa yau idan zai zaɓi fistol, wato sakata, maɓalli, ƙarfen marfi, da kuben da zai dace da ƙugunsa, duk wuraren da aka tsayar ne a gwajin 1911.

A Najeriya wannan zaɓi ba ya hannun mai riƙe bindigar. Doka ta sa fistol cikin makaman da farar hula ba ya mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, jami'in tsaro kuma abin da aka miƙo masa daga ma'ajiyar makamai shi yake sa hannu ya karɓa. Waɗanda ke rubuta sharuɗɗan kwangilar saye a ofis su ke yanke hukuncin ko ɗaya cikin goman nan zai samu bindigar da yatsansa ke kaiwa. Hi-Power kanta ba ta samu sakata a gefen dama ba sai da FN ya fitar da samfurin Mark II a farkon shekarun 1980, fiye da shekara 50 bayan an binne Browning, kuma bindigogin da aka ƙera kafin nan ƙarfe ne mai tsawon rai, da yawansu suna nan suna aiki yadda aka ƙera su.